Ciyayi sun shiga cikin ciyawar da na dasa a tsakar gida, in yi feshi ko in haƙura da su?

Baban Walid:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar shuka ku taimaka min da shawara. Bara da muka tare a gidanmu nan Rijiyar Zaki a Kano na bar wani fili a tsakar gida ban zuba masa siminti ba, tsawonsa mita 10 faɗinsa mita 8, saboda yara su samu wajen wasa kuma ni tun ina yaro nake son in buɗe ƙofa in ga kore. Na kira masu sayar da fulawa suka kawo tifa ɗaya ta baƙar ƙasa da buhunan takin shanu, aka baje aka dasa ciyawar nan da suke ce wa bahama. Watannin farko wlh abin gwanin sha'awa, da yamma mu shimfiɗa darduma mu zauna, yara suna ta tsalle babu mai jin ciwo ko ya faɗi.

To bana tunda ruwa ya zauna abin ya canja, wasu ciyayi daban suka fito ta ko'ina, wasu na san su wasu ban sani ba. Ƙarangiya kam kowa ya santa, tana can gefen katanga, sai tsidau wajen bakin get wanda shekaranjiya ya soki ƙaramar 'yata a tafin ƙafa ta yi ta kuka har yanzu bata yarda ta taka wajen ba takalmi. Akwai wata mai tsayi mai sheƙi da take riga kowa tsiro, yau an yanke jibi ta fi bahamar tsawo, idan na ciro sai in ga wani ɗan baƙin ƙullutu a ƙasa kamar aya. Akwai wata kuma da take baje kamar faifai a daidai inda muke bi zuwa wajen tanki, ita ko da hannu biyu ka ja bata fita. Sai wata mai kwanciya mai farin ruwa kamar nono in an karya, da wata mai ɗan shuɗin fure da safe a inuwar mangwaro, da wasu masu faɗin ganye da maiɗakina ta ce ai lalo ne da tafasa.

Gadinan da yake zuwa mana ya ce mafita ɗaya ce, a sayo maganin feshi mai kashe komai a feshe filin gaba ɗaya a jira sati biyu a sake dasa sabuwa, ya yi min lissafin kuɗin. Hajiyata kuma da take zaune da mu ita maganarta macizai, ta ce a tumɓuke komai a huta. Ni kuma zuciyata bata kwanta da feshin ba saboda yara a nan suke birgima, ga kaji muna da su guda biyar, ga tumatir da zogale a gefe. Tambayata, shin dole ne sai fili ya zama iri ɗaya tas kamar na filin ƙwallo, ko akwai yadda mutum zai zauna da waɗannan ciyayin ba tare da sun cinye wadda ya dasa ba? Kuma in na yi feshin ma ba zasu dawo ba? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Sabo:

Wa alaikumus salam. Alhaji gaskiya in zaka ji shawarata ka saka intalok kawai ka huta. Na yi irin wannan a gidana shekara biyu ina fama, kuɗin gadina, kuɗin ruwa da rani, ga sauro, ƙarshe na kira masu intalok kwana uku suka gama yanzu tsintsiya kawai ake sawa. In koren kake so akwai ciyawar roba a kasuwa ka shimfiɗa a wani ɓangare. Kano ba Jos ba ce, ƙasarmu da ranarmu ba na wannan abin ba ne.

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam Baban Walid, Allah ya ba 'yar tamu lafiya. Ni a Samaru ta Zariya na yi karatun aikin gona kuma shekaruna da yawa ina yawo a gonakin mutane, to bari in faɗa maka abin da na gani daga bayaninka, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Da farko ita kanta bahamar da ka saya da kuɗinka, kiri-kiri ce. Ita ce dai wadda manomin fadama yake kwana yana tsinewa saboda ta shige masa cikin albasa, masu fulawa sun zaɓi mai laushin ganye suna sayarwa. Na faɗi haka ne don ka san abin da ke hannunka ba rago ba ne, tana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa tana da yaɗo a sama, in ka bata abin da take so ita da kanta zata danne fiye da rabin waɗannan baƙin. Abin da bata so ɗaya ne, inuwa, shi yasa ƙarƙashin mangwaron naka ba zata taɓa yin kyau ba ko me ka zuba mata.

Sannan daga ina suka zo. Baƙar ƙasar da ake kawowa a tifa yawanci daga fadama ake ɗebo ta, da 'ya'yan ciyawa da jijiyoyinsu duk a ciki, takin shanu kuma in bai ruɓe sosai ba iri ne zalla, saniya ta ci ciyawa da 'ya'yanta kuma da yawa suna fitowa a kashi da ransu. Kenan irin yana cikin ƙasarka tuntuni. Maganin da gadina yake nufi, irin su Roundup da Force Up, abin da ke cikinsu glyphosate ne, ta ganye yake shiga ya kashe shuka mai rai, baya taɓa irin da ke kwance a ƙasa. Zaka kashe bahamarka wadda ita ce ke rufe ƙasa, ka bar fili tsirara a tsakiyar damina, rana ta haska ruwa ya sauka, wa kake ganin zai riga fitowa? Su ne. Amsar tambayarka ta ƙarshe kenan, zasu dawo kuma sai sun fi na yanzu yawa.

Ni yadda nake kallonsu ba duka ne abokan gaba ba. Masu ƙaya, wato tsidau da ƙarangiya da kashin yawo in ya fito, waɗannan babu sulhu da su a gidan da ke da yara. Abin farin ciki duk ukun na shekara ɗaya ne, daga iri suke fitowa su yi 'ya'ya su mutu, to aikinka kawai kada ka bari su zubar da 'ya'ya. Tsidau saiwa ɗaya gare shi a tsakiya, ka ɗaga rassan ka sa wuƙa ko ƙaramar fartanya ka datse daga ƙasa ka ɗauke shi gaba ɗaya a hankali kada ƙayar ta zube, ka zuba a buhu a fitar daga gidan, ba a bola ta cikin gida ba kuma kada a ba tumaki don yana musu illa in suka ci da yawa. Irinsa yana iya kai shekara huɗu zuwa biyar a ƙasa, saboda haka baɗi ma zaka ga wasu, kada ka ce aikin bai yi ba, kowace shekara raguwa zasu yi. Da safe bayan an yi ruwa da dare shi ne lokacin cira, ƙasa ta yi taushi.

Mai sheƙin nan mai ƙullutu aya-aya ce, wasu su ce jiji. Ka murza karanta tsakanin yatsunka zaka ji kusurwa uku ne ba zagaye ba, ita ba ma dangin ciyawa ba ce sosai, 'yar'uwar ayar da ake kunu da ita ce da kajijin da mata ke turare. Masana da dama ita suke kira ciyawa mafi muni a duniya, kuma ba a banza ba, ƙullutun nan a jere suke a ƙarƙashin ƙasa kamar carbi an haɗa su da siririyar jijiya, ka ja ɗaya zaren ya tsinke sauran da ke barci su farka, shi yasa kake ganin kamar cirar ƙara ta take yi. Gaskiyar magana ba zaka ƙarar da ita ba, ni ban taɓa ganin wanda ya ƙarar da ita tas a fili mai ruwa ba. Amma ana gajiyar da ita. Duk sanda ta fito kafin ta kai ganye biyar zuwa shida a cire ko a yanke, tana kashe abincin da ta ajiye a ƙullutu wajen sake fitowa bata samu ta mayar ba, a hankali sai ta raunana. Inda ta yi cunkoso sosai ka jira rani ka haƙa wajen kamar zurfin taƙi ɗaya ka tsince ƙullutun ka bar ƙasar a juye rana ta gasa, bushewa tana kashe su. Kuma tana son ƙasa mai laima kullum, in akwai famfo mai ɗiga ko inda ruwan wanke-wanke ke bi ka duba, ina kyautata zaton a nan ta fi yawa.

Mai bajewa kamar faifai a hanyar tanki tuji ne, ɗan'uwan tamba. Shi tuji saƙo yake kawo maka, duk inda ka gan shi ƙasar wajen ta daddale saboda taku, bahama ta kasa numfashi shi kuma ya ji daɗi. Ko ka cire shi in ba ka gyara wajen ba wani zai maye. Ka sa cokalin haƙa ko ƙarfen rodi ka huhhuda ƙasar, sannan ka jera 'yan faffaɗan duwatsu ko slab guda shida bakwai a matsayin hanya kowa ya dinga takawa a kai, shikenan.

Sauran, nonon kurciya mai farin ruwan nan, balasana mai shuɗin fure, da harkiya da guɗe-guɗe waɗanda na tabbata suna ciki ko ba ka gane su ba, ni dai da gidana ne barinsu zan yi. In an yanke fili duk kore ne, basa soka basa ƙaiƙayi, daga nesa ma ba mai ganewa. Nonon kurciya dai a faɗa wa yara kada su shafa ruwanta a ido. Balasana kuwa ita ce ma ta rufa maka asiri a ƙarƙashin mangwaro inda bahama ta ƙi, in ka cire ta tsurar ƙasa zaka samu da taɓo. In ta fara wuce gona da iri ka yanke ka kwashe, kada ka bar guntayen a ƙasa don kowace gaɓa tana iya yin saiwa.

Babban maganin duk wannan shi ne yadda ake yanka. Yawancin gadinoni langa-langa suke sawa su aske fili har ƙasa ta bayyana don a daɗe ba a sake kiransu ba, ko don maigida ya ga an yi aiki, wannan shi ke buɗe wa irin ciyawa ƙofa. A bar tsayin kamar yatsu biyu zuwa uku a kwance, a dinga yanka duk sati da damina, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka ɗaya. Taki kuma ɗan yuriya, kada ya kai kilo 1 a filinka gaba ɗaya, a watsa da yamma ganye a bushe a bi da ruwa, in ka zuba da yawa ƙonewa zata yi.

Baban Walid:

Malam Allah ya ƙara ilimi, wlh kamar ka shigo gidan. Aya-ayar a bakin famfon da muke alwala ta fi yawa, kuma gadinan da langa-langa yake yi har sai ka ga jar ƙasa. Ban taɓa sanin bahama ce kiri-kiri ba. Saura maganar macizai don ita ce ta fi damun Hajiya, sannan wani ya ce min akwai maganin da yake zaɓe, ya kashe masu faɗin ganye ya bar ciyawa, shi ya kake gani?

Injiniya na gode da shawara, na yi tunanin intalok ɗin amma gidan yayana haka ne kuma a watan Afrilu ba a iya taka tsakar gidan da rana, har dare ƙasa tana fitar da zafi.

Maman Ihsan:

Slm. Baban Walid ni abin da ya ja hankalina maganar maiɗakinka ce da ta ce lalo ne da tafasa, dan Allah ka saurare ta kada ka bari a feshe su. Mu a Zariya muke, filinmu bai kai naku ba, shekara shida kenan muna da shi kuma da farko nima haka na dinga jin haushi duk abin da ya tsiro sai na sa yara sun cire, har sai da kakarsu ta zo daga ƙauye ta yi wata biyu da mu. Ranar da ta ga an tara lalo da gasaya da zaƙi-banza a baro za a kai bola ranta ya ɓaci sosai, ta zauna ta tsince su tas, da daddare muka ci tuwo da miyar lalo, washegari ta dafa tafasa ta yi mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Wlh tun daga ranar na canja. A kasuwa kuɗi muke sawa mu sayi ganyen nan ga shi Allah ya kawo mana har gida.

Abin da na yi, na ware gefen katanga faɗin kamar taku biyu na jera bulo na raba shi da wajen wasan yara, duk abin ci da ya fito a tsakiyar fili tun yana ƙarami sai in ciro shi da ƙasarsa in mayar can, wanda ya fito a can kuma in bar shi. Yanzu ko shuka bana yi, duk damina da kansu suke dawowa saboda ina barin ƙwaya biyu uku su yi 'ya'ya. Tafasa tun tana ƙarama ake tsinkar ganyen, in ta tsufa ta yi kauri ba daɗi kuma tsayi take yi sosai, to ina gama cin rabona nake sare ta. Harshen saniya ma da wasu ke ce wa fasa-ƙaba ana ci, mai kaurin ganye da jan kara mai kwanciya a ƙasa, ita dai in ka cire kada ka yar a wajen, ko kwana nawa ta yi a yashe in ta samu laima sai ta kama. Harantama mai ɗan farin fure da rawaya a tsakiya zomayen yarana nake ba, suna sonta sosai, kuma malam-buɗe-littafi basa rabuwa da furenta, ƙaramin ɗana zai iya awa guda yana kallonsu.

Amma fa a kula da abu biyu. Duk wanda ya fito kusa da sokawe ko inda ruwan wanki ke kwanciya bana ci. Sannan ba kowane ganye ba ne na ci, rai-ɗore yana kama da tafasa ga wanda bai sani ba, shi ganyensa mai tsini ne na tafasa kuma bakinsa a zagaye, 'ya'yan rai-ɗore suna da guba ga dabbobi da yara. Zaƙami kuwa mai farin fure kamar kakaki da ƙwallo mai ƙaya ko ɗaya kada ka bari ya kwana a gidanka. In maiɗakinka tana shakkar wani ta nuna wa Hajiya, tsofaffinmu sun fi mu sanin waɗannan nesa ba kusa ba, kuma ina ganin in Hajiya ta samu ɗan wajen ganyenta ita ma hankalinta zai fi kwanciya da filin.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni daga Maraɗi nike, mu nan ƙarangiya ita ce ciyawarmu, ruwanmu bai kai naku na Kano ba, ƙasa kuma rairayi. Abin da Malam ya hwaɗi gaskiya na, sai in ƙara dabara guda da munka gada. In ƙarangiya ta riga ta bushe ta zuba, cira ba ta wadatarwa tunda ƙayar na nan cikin hili. Ka samu tsohon bargo ko buhun algarara ka ɗaura mishi igiya ka aza ɗan dutse bisa, yara su ja shi ko'ina cikin hilin, duk ƙayar sai ta manne, sai a naɗe a kai waje a ƙone. Tsidau kuma tsohuwar katihwar soso ko tsohon silifa, ka danna bisa ƙasa ka ɗaga ka gani yadda suka kahe a jiki. Mu haka muke yi ma wurin da yara ka wasa da wurin salla, sau biyu ko ukku bayan kaka.

Kuma ina son ku san ciyawar ga da muke ƙi ta taɓa riƙe rayukan mutane. Tsohina sun ba ni labarin yunwar 1984 da wadda ta gabace ta ta 1973, mata na tahiya daji su sharo ƙarangiya su daka a turmi su hidda ɗan ƙwayar da ke ciki su yi kunu ko tuwo, hannuwa duk jini. Tana ɗanya kuma kahin ta yi ƙaya bisashe na cinta ƙwarai. Ban ce ka bar ta inda ɗiyarka ka taka ba, a'a, cire ta. Amma in ka ciro ta ɗanya ka ba maƙwabci mai tumaki ko awaki, ya hi a zubar.

Maganar ruwa da Injiniya ya kawo ita ma gaskiya ta, kar a raina ta. Mu nan ba mu ba ciyawa ruwa da rani, kiri-kiri in ta bushe ba mutuwa ta yi ba, barci take, ruwan hwari na sauka ka ga ta tashi.

Malamin Gona:

Ɗan Maraɗi ya taɓo wajen da na manta. Baban Walid ka yi lissafi, don fili ya zauna kore shar da rani yana son ruwa kamar lita 25 a kowace murabba'in mita duk sati, naka murabba'in mita 80 ne, lita 2,000 kenan, jarka 80 ta 'yan garuwa duk sati, a lokacin da unguwa ke neman na sha. In kana da bohol ma ni ban ga dalili ba. Ka barta ta yi ruwan ƙasa da hunturu, ka ɗan jiƙa ta sosai sau ɗaya a sati biyu ko uku don jijiyar ta rayu, wannan ma wani maganin aya-aya ne tunda ita ce ta fi cin ribar yayyafin kullum. Injiniya kuma intalok ba laifi ba ne a wajen mota, amma in kowane gida ya rufe ƙasarsa gaba ɗaya ruwan sama bashi da wajen shiga sai titi da kwata, rijiyoyi kuma suna ƙara zurfi.

Macizai, ka kwantar wa Hajiya da hankali amma kada ka ce mata tsoronta ba gaskiya ba ne, damina lokacinsu ne. Shi maciji abin da yake nema maɓoya da abinci, gajeriyar ciyawa da ake yanka duk sati ba maɓoya ba ce, a sarari yake jin kansa. Abin da zaka duba tarin bulo da itace da tsofaffin tayoyi a gefen katanga, ramukan ɓera, ƙasan tanki, magudanar ruwa da ta fita waje wadda ya kamata a sa mata raga, da kuma akurkin kaji, don dusa tana jawo ɓera ɓera yana jawo maciji, ƙwai da 'yan tsaki ma haka. Wajen ganyen da Maman Ihsan ta ce a yi shi siriri yadda ana ganin ƙasansa. Sauro kuma ba a ciyawa yake haihuwa ba, a ruwan da ya kwanta ne, gwangwani, taya, kwata, doguwar ciyawa wajen hutunsa ce kawai da rana.

Maganin da yake zaɓe 2,4-D ake nufi. Gaskiya ne yana kashe masu faɗin ganye ya bar bahama, amma duba gidanka, tumatir da zogale da lalon maiɗakinka duk masu faɗin ganye ne, tumatir ko tururinsa iska ta kai masa sai ganyen ya murɗe. Kuma ƙarangiya da tuji da suka dame ka su ciyawa ne kamar bahama, ba zai musu komai ba. A fili mai mita 10 da 8 hannu ya fi shi. Wanda nake roƙonka kada ya shigo gidanka ko a kyauta shi ne paraquat, wanda manoma suka sani da Gramoxone, mai ƙone ganye a yini ɗaya. Bashi da makari, kurɓi kaɗan yana kashe mutum, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007 kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ma ta saka shi cikin waɗanda ta ce a daina, amma har yanzu zaka iya cin karo da shi ana ɗurawa a robar lemo. In gadina ya zo da wani abu a robar da babu takarda a jiki ka ce ya mayar.

Injiniya Sabo:

To Malam na ji, maganar ruwan sama kam haka take, layinmu duk damina sai ya cika. Ni dai lokaci ne bani da shi. Alhaji in kana da juriyar cira duk sati bismillah, Allah ya taimaka.

Baban Walid:

Salam jama'a, na dawo in faɗa muku inda aka kwana tunda yau kusan wata biyu kenan. Ban yi feshin ba. Na zauna da gadinan na karanta masa abin da Malam ya rubuta, da farko bai ji daɗi ba amma da na ce zan dinga biyansa duk sati maimakon sau ɗaya a wata ya yarda, na kuma sayo ƙaramin injin yanka na turawa na hannu wanda baya shan mai, langa-langa sai gefen katanga kawai. Duk Asabar bayan sallar asuba ni da Walid da ƙaninsa muke fita da buhu, sati na farko mun cika buhu biyu da tsidau da ƙarangiya, satin da ya wuce ko rabin bokiti bamu samu ba. Ƙarangiyar ɗanya maƙwabcinmu mai raguna yake karɓa. Famfon alwala an canja masa kai an yi masa 'yar kwata zuwa gindin zogale, hanyar tanki na jera slab bakwai.

Aya-aya tana nan, ba zan ɓoye ba, kwana uku bayan yanka sai ka ga kawunanta sun ɗago sun fi kowa, amma ta ragu a bakin famfo kuma na daina jin zafinta kamar da, in rani ya yi zan haƙe wajen kamar yadda aka ce. Balasana na bar mata ƙarƙashin mangwaro. Nonon kurciya da harkiya suna cikin bahamar an yanke su tare, baƙon da ya zo jiya bai ma lura ba sai da na nuna masa.

Maman Ihsan Allah ya biya ki, abin da kika faɗa haka ya faru. Hajiya ce yanzu mai gefen katanga, ita ta nuna mana rai-ɗore guda biyu da muka ɗauka tafasa ne aka cire, ta sa an kwashe tarin bulon da ya rage na gini inda muka tarar da ramin ɓera, kuma sau uku muna cin miyar lalo daga wajen. Ta ce a bar mata gasaya biyu su yi iri. 'Yar tawa ta koma wasa a filin amma wajen get har yanzu sai da takalmi, kuma nima na ce ta ci gaba da sawa har sai mun ja bargon Ɗan Maraɗi bayan kaka. Malam tambaya ɗaya ta rage, yuriyar nan in ƙara zubawa yanzu da ruwa ya kusa ɗaukewa ko in bari sai baɗi?

Malamin Gona:

Ka bari sai baɗi Alhaji, bayan ruwa na biyu ko na uku in ka ga ta fara kore. In kana da takin kaji ka tara shi a rami ka rufe tun yanzu ya ruɓe kafin lokacin. A gaida Hajiya.